Buhu Biyu a Jajaye

Gidan Taki, Tudun Kaya,
Karaye.
8 ga Afrilu, 1954.

Zuwa ga Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da 'yar baƙuwar, da Inna, da Gwaggo Ma'u, da sauran mutanen gida. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Allah ya ƙara sauƙi, ya raya abin da aka samu.

Bayan haka, gidan taki ya kama da wuta ya tashi ranar Talata da hantsi. Mutum biyu sun rasu, Liti mai gadi da Sulle mai haɗa taki. Ni lafiyata ƙalau, sai kunnen hagu da har yanzu yake ƙugi. Na fara da wannan ne don na san labari zai riga takardata isa Jajaye, kuma kafin ya isa zai yi ƙiba. A kasuwar Karaye ma tuni an kashe mu mu goma sha biyu, har da ni.

Ga yadda abin ya faru. Kin san taki iri biyu muke haɗawa a nan mu ɗura wa manoma. Akwai mai toka-toka na gyada, wannan ba ya cutar kowa. Akwai kuma farin nan da aka kawo bana don gwaji, mai kama da gishirin dutse. Shi in yana sarari ba ruwansa. Amma in ya taru a wuri rufaffe, zafi ya daɗe yana cinsa, to sai abin da Allah ya yi. Tun ina maɗaba'a a Zariya na taɓa karanta labarin wani jirgin ruwa da ya ɗauko irinsa, ya tashi da rabin gari. Ban taɓa zaton zan ji ƙarar da kunnena ba.

Wani ne yake ƙona sharar gona a yamma da mu, guguwa ta ɗauko tartsatsi ta sauke a kan jinkar sito. Kwanon rufin da aka ce za a kawo tun bara bai iso ba. Ranar kasuwa ce, hanya cike da mutane, kafin ka ce kwabo kowa ya yar da kayansa ya yo kanmu. Na tsaya a bakin ƙofa ina ihu: “Ku kwashe farin, ku yi nisa da shi, ko ina ne!” Suka yi ta fitarwa. Liti ne ya fara ganin hayaƙin ya koma ja, ya kori mutane da sanda, ya koma ciki don ya janyo Sulle. Ba su fito ba.

Na ga Baba a wurin. Ya taso daga kasuwa da jakunansa, ya tuɓe babbar riga, ya shiga cikin masu ɗaukar buhu kamar saurayi. Idonmu ya haɗu sau ɗaya, na sunkuyar da kai, shi ma ya juya. Ko a gobara suruki suruki ne. Bayan ƙarar na neme shi a cikin waɗanda suka ji ciwo, babu shi, aka ce an ga ya kama hanyar Rogo da ƙafarsa. Ki sanar da ni ko ya iso lafiya.

Abin da ya dame ni yanzu shi ne, farin da aka fitar ya fi buhu arba'in, amma da muka tara a gindin ɗorawa bai kai rabi ba. Baturen gona ya ce sata ce. Na ce masa ba sata ba ce. A nan in gidanka ya kama, maƙwabci kan kwashe kayanka ya kai gidansa, in ka yi sabuwar jinka ya dawo maka da su har da allura. Na roƙe shi a yi shela cewa an gode, kowa ya kawo ajiyarsa. Ya ce a ƙasarsu wannan suna ɗaya gare shi. Gobe za a yi shelar, amma irin tasa.

Mijinyawa mai jakuna zai kawo miki wannan tare da itacen wanka, kaya uku, na kirya ne, ba ya saurin cinyewa. Ki gaishe da Inna da Gwaggo. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Lurwanu.


Tudun Kaya.
14 ga Afrilu, 1954.

Zuwa ga Safiyatu,

Sallama da gaisuwa. Na samu 'yar takardarki, na ji daɗi da Baba ya iso lafiya ban da ƙunar hannu. Allah ya sa kaffara ce. Rubutunki ya gyaru, sai dai har yanzu kina mance ƙugiyar ƙa. Yaya baƙuwar? Kin ce tana da goshina. Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa.

An yi shelar. Duk wanda aka samu da buhun gidan taki, ɗauri ne. Tun daga ranar ko buhu ɗaya bai dawo ba. Wani dattijo a nan ya rantse mini cewa da idonsa ya ga mutum uku sun ɗauko nasu a ka suna tafe, da suka jiyo gangar shela suka tsaya, suka dubi juna, suka juya. Wa zai kawo ajiya a kira shi ɓarawo a bainar jama'a?

Zan raba miki abin da na tabbatar da abin da ji kawai na yi. Wanda na tabbatar: an fara ƙona buhunan saboda tambarin da ke jikinsu, ana juye farin a tukwane da ƙore. Wasu marasa tsoron Allah sun kai shi kasuwar Rogo suna sayarwa da sunan gishirin lasa mai araha. Wani Bafillace mai suna Hammawa ya saya wa shanunsa, saniya biyar sun faɗi a bakin garin Beli. Ya zo nan da kansa, ya ɗaure ragowar a bakin zane, ya ajiye a gabana. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Malam, ku da kuka kawo shi, ku gaya mini sunansa, in san abin da zan faɗa wa mahaifiyata.” Na faɗa masa sunan da Turanci. Ya maimaita, ya girgiza kai, ya tafi.

Wanda ji na yi, ban gani ba: a Belin dai wata mata ta ga farin yana tsattsafo da ruwa, kamar yadda gishiri yake yi in damina ta gabato, sai ta yi masa abin da kowa ke yi wa gishiri, ta rataye shi a ragaya bisa murhu don ya bushe. An ce wutar da ta tashi ruwa bai kashe ta ba, hayaƙinta ja, duk wanda ya shaƙa sai tari. An ce ta tsira da ranta. Ƙwarya ɗaya ke nan, Safiyatu, ba buhu ba.

A nan an kewaye ragowar takin da waya mai ƙaya, an sa 'yan doka biyu gadi. Shekaranjiya na tarar da ɗaya ya jingina da buhunan yana shan sigari. Da na yi magana ya ce ai ɓarayi aka ce ya tsare, ba wuta ba. Ni kuma an hana ni barin Tudun Kaya sai masu bincike sun zo daga Kano, tunda ni ne malamin sito. Shi ya sa ba ki gan ni ba. An kuma fara bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, daga nan har ƙasar Rogo.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa kafin in rubuta. Mijinyawa ya ce ranar gobarar ya wuce jakunan Baba a hanya, suna tafiya irin ta masu kaya, alhali Baba ya sayar da gishirinsa da kanwarsa kaf a kasuwa. Ban tambaye ki komai ba, kada ma ki ba ni amsa. Abin da nake so kawai, in kin ga wani gishiri a gidan da ba ki san asalinsa ba, kada ya shiga miya, kada ya shiga kunun kanwarki, kada ya kusanci murhu. Ki ɗanɗana kunun kafin ki sha. In kin ji sanyi-sanyi da ɗaci a harshe, ki zubar, ko da Gwaggo za ta yi kwana tana mita.

Ki kula da kanki. Ina tunaninku fiye da yadda ya kamata in rubuta.

Mijinki,
Lurwanu.


Tudun Kaya.
20 ga Afrilu, 1954.

Safiyatu,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi komai.

'Yan dokan da suka je Jajaye sun dawo jiya. Shugabansu, Ɗanmaliki, ya same ni ina alwala, yana dariya. Ya ce, “Malam Lurwanu, gidan surukinka tas yake. Mun duba rumbu, mun duba turken jakuna, har akurkin kaji na zura hannu, kaza ta sare ni. Ɗakin madam kawai muka bari. Wa zai shiga wa maijego? Ga tsohuwar nan a bakin ƙofa da muciya, ga zafi kamar maƙera. Kai, kana ƙoƙari da itace!” Na yi dariya tare da shi. Da ya tafi na kasa ƙarasa alwalar.

Baba ya shekara talatin yana fataucin gishiri. Ya san abu mai jan danshi wuri mai ɗumi yake so. Ya kuma san ɗaki ɗaya ne a duk Jajaye da namiji baƙo ba zai taka ba. In ni ne shi, da shelar nan a kunnena, da surukina a matsayin malamin sito, nan zan kai. Ba don mugunta ba. Don kada a ce ya jawo mini abin kunya.

Ban ga buhun ba, don haka ba zan ce yana nan ba. Amma ki duba. Ki duba bayan gadon ƙasar da kike kwanciya a kai, tsakaninsa da bango, inda ake tura tsummokara. Ki duba ƙarƙashin tabarmin da aka naɗe, da cikin manyan tukwanen Inna in an shigo da su kwanan nan. Wutar da ke ƙarƙashin gadon nan ba ta mutu ba tun ranar da kika haihu. Bangon nan ya sha zafi ya ƙoshi.

In kin samu, kada ki taɓa, kada ki ja shi ta gaban wuta. Ki ɗauki yarinyar ki fita. Ki sa a kwashe garwashin a fitar waje, a bar ƙofa a buɗe. Ki koma ɗakin Inna, ko gidan maƙwabta ma.

Na san abin da nake nema. Na san Gwaggo Ma'u za ta ce maijegon da ta bar wuta kafin arba'in sanyi zai shige ta, ta kumbura, ba ta ƙara moruwa. Na san za a ce boko ya ci mini hankali. Ba na jayayya da su a kan wanka, su suka san shi. A dafa ruwan a bayan gida, nesa, ki yi wankanki safe da yamma. Wutar ɗaki kawai nake roƙo. Sanyi yana da magani.

Kada ki tunkari Baba. Ki gaya wa Inna, ita ta san ƙofar da za ta shiga.

Ba zan aiko da itace wannan karon ba. Da gangan na yi. Gara a zage ni a ce na kasa riƙe maijego. Mijinyawa zai zo da jakuna ba kaya, da wannan takarda kawai, na ce ya tabbatar ta shiga hannunki.

Na nemi izinin zuwa, an hana. Na yi tunanin in gaya wa Ɗanmaliki gaskiya ya koma. To amma in ya koma da ankwa zai koma, a fito da Baba a gaban jikarsa, kuma da bakina. Ban iya ba tukuna. Ina roƙon Allah kada ya kai ni ga zaɓa.

Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Lurwanu.


Tudun Kaya.
Juma'a, 23 ga Afrilu, 1954.

Zuwa ga Baba, Malam Abdulsalami, a Jajaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ladabi da biyayya, da tambayar lafiyar Baba da ta iyali baki ɗaya. Yaya hannun? Allah ya ba da sauƙi, ya saka da alheri bisa abin da Baba ya yi mana ranar gobara. Na gani da idona, kunya ce ta hana ni godiya a wurin.

Baba ya gafarce ni. Ban taɓa ɗaga kai na yi wa Baba doguwar magana ba, balle takarda. Na rubuta da ajami ne don Baba ya karanta da kansa, kada wani ya shiga tsakaninmu.

Mijinyawa ya dawo ya ce takardar da na aika wa maijego a zaure ya miƙa ta, ga Baba, tunda ba shi da ikon shiga cikin gida. Ya ce Baba ya sa ta a aljihu. Ban ga laifinsa ba, haka tarbiyya ta ce. Ya kuma kawo mini saƙon Gwaggo, cewa a gaya wa ɗan boko in itace ya gagare shi ya aiko da jaridunsa a hura. Ya ce maƙwabta sun ji tausayi sun tara itace, wuta tana ci kamar da. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba, farin takin nan ba gishiri ba ne, ko da yake yana tsattsafo kamar gishiri. Ɗumi ba ya gyara shi, tayar da shi yake yi. Shi ne ya kashe Liti da Sulle. Baba ya ji ƙarar, ya ga ramin da ta bari. Abin da ke cikin buhu biyu ya isa ya ɗauke ɗaki da wanda ke ciki, da na kusa da shi.

Ban ce akwai wani abu a gidan Baba ba. Abin da na yi shi zan faɗa. Jiya da safe na shiga wurin Baturen gona na ce masa ranar gobara ni na ba da umarni a kwashe farin a yi nisa da shi, kuma surukina yana cikin waɗanda suka ji umarnin daga bakina. Wannan gaskiya ce, mutum ɗari sun ji ni. Na ce masa duk abin da jakunan Baba suka ɗauka, ajiyata ce, ni na ba da, ni na yi sakacin rashin faɗa tun farko. Ya tambaye ni buhu nawa. Na ce abin da jaki biyu za su ɗauka a guje, buhu biyu. Ya daɗe yana kallona. Ya ce ko na san abin da wannan zai jawo mini? Na ce na sani.

An karɓe makullan sito daga hannuna, sai masu bincike sun zo su yanke. Kada wannan ya dami Baba. Ina da hannu, ina da sana'ar maɗaba'a, kuma gonar mahaifina tana nan a Karaye. Abin da na samu a madadin ya fi makulli. Ya yarda ba ɗan dokan da zai zo Jajaye. Ya kuma yarda, bayan shanun Hammawa da matar Beli, a sake shela ranar kasuwa cewa duk mai ajiya ya kawo, ba tambaya.

Saboda haka ba kayan sata ake nema a gidan Baba ba. Ɗa ne ya ba ubansa ajiya, yanzu ya aiko a ba shi abinsa. Mijinyawa na tafe da jakuna, da rana tsaka zai ɗauka, kowa yana gani. Abin da nake roƙo, tun kafin a kawo masa ruwan sha, a fitar da maijego da jaririyar daga ɗakin, a kwashe garwashin, sannan a ɗauko kayan a hankali a kai inuwa, nesa da gida. In Gwaggo ta hana, maganar Baba ce kaɗai za ta ji.

In kuwa na yi kuskure, babu komai a gidan, to na yi wa Baba mummunan zato, na kuma yi wa kaina asarar aiki a banza. Zan zo in durƙusa a zaure, Baba ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. Wallahi zan fi kowa murna da hakan.

Ina neman gafara da albarka. A gaishe da Inna. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya ƙara wa Baba girma.

Ɗanka mai biyayya,
Lurwanu.

Na naɗe takardar ke nan wani mai tallan goro da ya taso daga Jajaye da safe ya tsaya shan ruwa. Na tambaye shi gidan Baba. Ya ce lafiya lau, ya wuce ta bayan katanga, sai dai yau bai ga hayaƙi a saman ɗakin maijego ba. Ban sani ba ko kashe wutar aka yi, ko itacen maƙwabta ne ya ƙare. Mijinyawa ya riga ya ɗaura wa jakuna akumari.